Alhakin Ran Lebura: Wasiƙa Daga Filin Gini a Manchesta

Zuwa ga Kawu da sauran maginan zuri'a, daga ɗansu da ke aikin gini a birnin Manchesta na ƙasar Ingila.

Wannan wasiƙa amsa ce ga tambayar da Kawu ya daɗe yana yi game da abin da ya raba ginin Turawa da na gida, kuma amsar ba ta cikin injuna ko tsawon benaye, domin gwanin birkila na Kano ko Zariya ba zai ji kunya a gaban takwaransa na nan ba wajen miƙe layi da daidaita kusurwa. Bambancin yana bayyana ne ranar da lebura ya faɗo daga sama. A gida akan yi salati, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mai gini ya kawo abin da ya sawwaƙa na magani ko na likkafani, aiki ya ci gaba bayan sadakar uku. A nan kuwa akan killace wurin, a sanar da hukuma, sannan a shiga neman wanda doka ta ɗora wa nauyin hana faɗuwar, kuma ba a rufe magana sai an san ko wane ne.

Ba da wannan ɗabi'a aka haifi mutanen Ingila ba, doka ce ta koya musu ita, kuma ba da daɗewa ba. A shekarar 1972 wani kwamiti a ƙarƙashin Alfred Robens ya miƙa wa gwamnati rahoto wanda jigonsa shi ne cewa duk wanda harkarsa ta haifar da haɗari, shi ya kamata ya ɗauki nauyin magance shi, kuma a kan wannan ra'ayi aka kafa dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974, wadda ta haifar da hukumar HSE a farkon 1975. Jami'an wannan hukuma suna da ikon shiga filin gini ba tare da sallamar mai shi ba, su tsayar da aiki nan take da takarda guda idan suka ga ana wasa da rai, su kuma gurfanar da kamfani ko shugabansa a gaban kotu. A shekarar da aka yi dokar ma'aikata 651 ne suka mutu a bakin aiki a Birtaniya, alhali a 'yan shekarun nan adadin bai kai 150 ba, ko da yake rufe ma'adinan kwal da manyan masana'antu ya taimaka wajen raguwar. Gini dai har gobe shi ne kan gaba, domin a ƙididdigar 2023 zuwa 2024 mutum 51 ya ci, kuma faɗowa daga sama ita ce babbar musabbabi.

Baƙo yakan fara cin karo da tsarin tun daga ƙofa, inda a yawancin manyan filaye ba a barin kowa ya shiga sai da katin CSCS, wato shaidar cewa mai shi ya ci jarrabawar sanin haɗurran gini, sannan sai ya zauna an yi masa bayanin filin, ya sa hannu a rajista, ta yadda a kowace sa'a za a iya faɗin mutum nawa ne a ciki. Hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki da riga mai ƙyalli duk hakkin ma'aikaci ne a kan mai aiki, kuma haramun ne a cire kuɗinsu daga albashi. Amma abin da zai fi ba Kawu mamaki shi ne cewa masana a nan suna ɗaukar waɗannan kaya a matsayin kariya ta ƙarshe kuma mafi rauni, domin dokar aiki a sama ta 2005 ta ce a fara da tambayar ko za a iya yin aikin daga ƙasa, in ba zai yiwu ba a kafa abin da zai hana kowa faɗowa, sai in wannan ma ya gagara a koma ga ɗamara da igiya. Saboda haka sikafol, wato dandamalin bututun ƙarfe da katako da magina ke hawa, dole ya kasance da shinge a gefe wanda bai gaza milimita 950 ba, da allo a bakin ƙafa don kada bulo ya zame ya faɗa kan na ƙasa, kuma dole wani masani ya duba shi kafin a hau, da kowane kwana bakwai, da kuma bayan iska mai ƙarfi. A bakin tsaninsa akan rataye ɗan allo mai ɗauke da kwanan watan dubawar ƙarshe da sa hannun wanda ya duba, kuma leburan da ya fara aiki jiya yana da damar karanta allon ya ƙi hawa, dokar ƙwadago ta 1996 kuwa ta hana a hukunta shi a kan haka.

Rami ma haka yake, kuma wannan ya shafi masu haƙar rijiya da sokawe a gida, domin ƙasa mai faɗin mita ɗaya ta kowace fuska ta fi tan guda nauyi, ba ta kuma yin gargaɗi kafin ta rufta. Kamfanin farko da aka samu da laifi a ƙarƙashin dokar 2007, wadda ta ba da damar tuhumar kamfani kansa da kisan kai ta hanyar sakaci, wani ƙarami ne a gundumar Gloucestershire, wanda ramin gwaji marar tokari ya rufta da matashin ma'aikacinsa a 2008, aka ci shi tarar fam 385,000 a 2011.

Haɗarin da ya fi kisa kuwa ba ya yin ƙara kuma ba ya zubar da jini. Asbesto, wato ma'adinin nan mai zare-zare da ake cuɗawa da siminti a yi silin da kwanon rufi, an haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya tun 1999, amma har yanzu yana kashe kimanin mutum 5,000 a shekara, domin zarensa yakan zauna a huhu shekara ashirin zuwa arba'in kafin ciwon daji ya bayyana, kuma da yawa daga cikin masu mutuwar kafintoci ne da masu aikin famfo da na lantarki da suka shaƙe shi tun suna samari. Ƙurar silika, wadda ke tashi idan ana yanka bulo ko kankare ko tayil, tana tabon huhu wanda ba ya warkewa, shi ya sa a nan ba a yanka sai da ruwa yana zuba a kan zarton ko da na'ura mai zuƙe ƙura. Gwangwanin madarar da leburorin gida ke sha da yamma don wanke ƙura, ciki yake zuwa, ba huhu ba, kuma abin takaici ne a ce tsohon silin ɗin da ake ɓarewa da guduma a gidajen Kano da Kaduna, yara suna wasa a gindinsa, zai iya zama irin wanda a nan sai an sa suturar rufe jiki da abin numfashi kafin a taɓa.

Kada su Kawu su ɗauka tausayi ne ya yi wa mutanen nan yawa. A 2009 hukumar kare bayanan jama'a ta bankaɗo wata ƙungiya mai suna Consulting Association, wadda manyan kamfanonin gini fiye da arba'in ke amfani da ita wajen ajiye sunayen ma'aikata sama da 3,000 a asirce, da yawansu don sun yi ƙorafi a kan tsaro ko sun shiga ƙungiyar ƙwadago, aka yi ta hana su aiki shekara da shekaru ba tare da sun san dalili ba. Ga kuma kaɗaici, domin wanda ya karye a nan zai sami asibiti da diyyar inshora, amma da wuya ya ga layin 'yan dubiya da kwanukan abinci irin na gida, kuma ƙididdigar gwamnati ta nuna cewa leburorin gini suna cikin waɗanda suka fi kashe kansu a ƙasar.

Abin da ya fi damun mai wannan wasiƙa shi ne yadda ake fakewa da ƙaddara a gida, alhali addinin da ya koyar da imani da ita shi ne ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan gida, sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsu. Idan maɗinki zai biya yadin da ya salwanta a shagonsa, da wuya a ga hujjar da za ta wanke ɗan kwangilar da ya sa yaro ya hau ruɓaɓɓen katako da kwanon kankare a ka ranar zubin dakin. Doka ma akwai ta, domin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki a Najeriya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, sai dai leburan da ake ɗauka da safe a bakin titi a sallame shi da yamma ba ya cikin littafin kowa. Ranar 1 ga Nuwamba 2021, da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas ya kashe fiye da mutum arba'in, masu ceto sun yi kwanaki suna tono ba tare da tabbacin mutum nawa suke nema ba.

Dokar tsara gini ta 2015 a nan ta sa wanda ake yi wa gini a cikin masu ɗaukar alhaki, tun da shi ke yanke kuɗi da wa'adi, kuma ko da yake dokar ba ta aiki a Najeriya, ra'ayinta ya hau kan mai wasiƙar kai tsaye, domin shi ne mai gidan da ake ɗorawa a can gida a filin bayan makaranta da kuɗin da yake aikowa. Don haka yana roƙon Kawu, da ladabi, cewa daga kuɗin wannan wata a ware na hayar sikafol na ƙarfe kafin a sayi rodi, a tokare ramin sokawe da katako kafin kowa ya shiga, a jiƙa bulo da tayil lokacin yanka, a kuma ajiye littafi da za a riƙa rubuta sunan kowane lebura da garinsu kowace safiya. Idan hakan zai ja a ɗaga zubin dakin zuwa bayan damina, ya amince da jinkirin. A isar da gaisuwarsa ga Inna da Gwaggo da yaran gida baki ɗaya.