Shaidar Laftof Ba Ta Isa Ba

Rubutun nan zai yi tsawo, kuma na masu taɓa na'ura ne.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Batsari ranar Alhamis ya wuce ta tsakiyar kwamfutoci masu yawan gaske bai sani ba. Babbar wayar Tecno da ke aljihun mai rogo, Infinix ɗin ɗan acaɓa, na'urar POS mai allon shafawa da ke hannun yaron da ke cire wa mutane kuɗi, dukkansu Android ne, kuma a ƙarƙashin Android akwai kanel ɗin Linux. Kanel shi ne tushen manhajar da ke riƙe da na'ura. Shi ke raba wa kowace manhaja lokacinta da wurinta a memori, shi ke magana da allo da batir da kyamara. Idan WhatsApp ya faɗi, kanel ne ke share wurin a ci gaba da harka. Idan kuwa kanel ɗin da kansa ya faɗi, babu kowa a bayansa da zai ba da labarin abin da ya faru. Shi ya sa neman kuskure a cikinsa ya zama sana'a mai zaman kanta.

A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya rubuta Linux don furosesa iri ɗaya tak, 386 ta kamfanin Intel, kuma shi kansa bai zaci zai tashi a kan wata ba. Zuwa 1995 an fara ɗora shi kan Alpha da SPARC da MIPS. Yau yana tashi a kan iyalan furosesa kimanin 20, har da RISC-V da aka shigar a 2018. Rubutu ɗaya ne, amma ƙarfen da ke aiwatar da shi daban-daban ne, kuma kowane da halinsa.

To ga inda abin ya shafe mu. Ƙannenmu na Batsari da Safana da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, a kan laftof 'yar gwanjo suke koyo, mai furosesar Intel ko AMD, wato iyalan x86. Amma na'urorin da jama'arsu ke riƙe da su ba x86 ba ne. Wayoyin nan ARM ne, zanen wani kamfani na Kambirij a Ingila, wanda irin su MediaTek na Taiwan da Unisoc na Sin ke ƙerawa. Tsofaffin akwatunan raba intanet da yawa kuma MIPS ne. Matsalar x86 ita ce tana da kawaici. Ka yi kuskure ta rufa maka asiri, har ka ɗauka kai gwani ne. Ranar da rubutunka ya hau ARM, ranar asirin ke tonuwa.

Wasu bambance-bambancen masu sauƙi ne. Lambar 258 tana cin bayit biyu, ɗaya mai 1 ɗaya mai 2. x86 tana fara ajiye ƙaramin, wasu MIPS na cikin akwatunan intanet suna fara ajiye babban, kuma ƙa'idar intanet ma babban take sa wa gaba. Wanda ya manta juyawa zai karanta 513 a inda aka rubuta 258. Haka nau'in char na yaren C: a x86 yana ɗaukar lamba ƙasa da sifili, a ARM ba ya ɗauka, sai -1 ya koma 255, sharaɗin da ke jiran ganin kuskure ya yi ta jira har abada. Wannan ya dami mutane har a Linux 6.2, farkon 2023, aka yanke cewa duk cikin kanel char ba shi da alamar ƙasa da sifili, a kowace furosesa. Akwai kuma zancen daidaiton adireshi. x86 za ta karanta maka lamba mai bayit 4 daga ko'ina. SPARC za ta ƙi ta yi ihu, wanda alheri ne. Tsohuwar ARM ta kafin samfuri na shida kuwa tana iya miƙo maka bayit ɗin a jujjuye ba tare da ta ce uffan ba. Kan saƙon Ethernet bayit 14 ne, ba ya rabuwa da 4, shi ya sa direbobin kanel ke cusa bayit 2 na banza a gaba don abin da ke biye ya zauna daidai. A x86 wannan cikon sifili ne, ba a buƙatarsa.

Waɗannan duk ana kama su idan an natsu, domin kullum a wuri ɗaya suke faɗuwa. Wanda ke sa furfura shi ne na jerin rubutu a memori, kuma a nan nake so mu zauna.

A ce ɗan kasuwa a Batsari zai aika wa abokin cinikinsa na Safana buhun gero. Ya ɗora buhun a mota, sannan ya tura yaro a babur ya je ya ce kaya sun iso. A wurinsa jerin daidai ne: kaya da farko, saƙo daga baya. Amma babur ya fi mota sauri. Yaro ya isa, mutumin Safana ya buɗe shago ya auna wa mai saye daga tsohon buhun da ke nan, yana zaton sabon ne. Wayar yau tana da kwanya 4 ko 8 a cikin furosesa ɗaya, kowace na aikinta. Kwanya ta farko ta rubuta bayani, sannan ta ɗaga tutar cewa bayani ya kammala. Ta biyu ta ga tuta, ta je ta karanta. x86 ta yi alkawarin cewa rubuce-rubucen kwanya ɗaya za su bayyana ga sauran a jerin da aka yi su, wato mota da babur hanya ɗaya suke bi kuma ba a wuce juna. ARM ba ta yi wannan alkawarin ba. Don sauri da tanadin batir tana da damar barin tuta ta riga bayani isa. Maganin shi ne a sa shinge tsakanin rubutun biyu, a kuma sa wani a ɓangaren mai karantawa. Abin haushin shi ne a x86 irin wannan shingen ba ya zama wani ƙarin umarni ga furosesa, don haka wanda ya manta shi ba zai ga komai ba. Zai gwada sau dubu a laftof, ya rantse da Allah aikinsa lafiya lau, kuma ba ƙarya yake yi ba. Shaidarsa ce ba ta isa ba.

A kan ARM ɗin ma ba kullum abin ke faruwa ba. Sai kwanyoyin biyu sun haɗu a daidai ƙiftawar da ta dace. Waya za ta yi kwanaki lafiya, sannan ta mutu ta sake tashi da kanta ana tsakiyar kira. Ka ce bari in sa printk, umarnin da kanel ke rubuta saƙo da shi, in ga abin da ke gudana. Rubuta saƙon yana cin lokaci, jinkirin ya ba motar damar isa kafin babur, matsalar ta ɓace. Ka cire printk ta dawo. Wanda bai san dalili ba sai ya fara zargin iskokai. Abin yana da wuyar da sai a 2018, cikin Linux 4.17, aka shigar da rubutacciyar ƙa'idar jerin memori ta kanel wadda manhaja za ta iya gwada ƙananan misalai a kanta, aikin Paul McKenney da abokansa. A 2020 kuma aka ƙara KCSAN, mai sa ido kan kwanyoyi biyu da ke taɓa wuri ɗaya ba tare da tsari ba.

Ɗan'uwan wannan shi ne na 'yar ma'ajiyar kusa da furosesa ke riƙe kwafin bayani a ciki. Kyamara ko katin intanet na iya zuba bayani kai tsaye cikin memori. A x86 ƙarfen da kansa ke sanar da furosesa cewa kwafinta ya tsufa. A ARM da MIPS da yawa masu araha, aikin direba ne ya share kwafin. In ya manta, furosesa ta ci gaba da karanta bayanin ɗazu.

Wani zai ce ai akwai QEMU. Ƙwarai kuwa, kuma ina roƙon duk ɗalibin da ke karanta wannan ya sa ta a laftof ɗinsa. Fabrice Bellard ya fito da ita a 2003, kyauta ce, tana kwaikwayon ARM da MIPS da RISC-V, ka haɗa ta da gdb, manhajar bin sawun kuskure, ka tsayar da kanel cak ka leƙa cikinsa layi bayan layi. Kuskuren juya bayit da na char duk za ta nuna maka. Amma idan tana kwaikwayon ARM a kan x86, ainihin karatu da rubutun memorin x86 ce ke yin su, da kawaicinta. Ba ta kuma kwaikwayon 'yar ma'ajiyar nan. Matsalolin biyu mafiya wuya su ne daidai waɗanda take ɓoyewa. Dole a ƙarshe a koma kan ƙarfen gaske.

Nan ne nake ganin masu gyaran waya sun fi ɗalibai kusa da aikin, duk da ba haka suke kallon kansu ba. Waya ta tsaya a logo, a kai wa injiniya, ya ce Alhaji sai an yi mata filashin. Ya yi, ta tashi, a biya shi. Ban ga laifinsa ba, mai waya sauri yake yi kuma abincinsa ke nan. Sai dai filashin share fage ne, yana tafiya da duk wata alamar abin da ya kashe ta, shi ya sa wata wayar ke dawowa bayan mako biyu da ciwo iri ɗaya. Alhali kanel yakan bar wasiyya. Yana da wani ɗan yanki a memori da yake zuba saƙonsa na ƙarshe, wanda ke tsira idan na'ura ta sake tashi ba tare da wuta ta yanke mata ba, ana karanta shi ta pstore. A cikinsa akwai sunan aikin da ya faɗi da jerin waɗanda suka kira shi. Rijistocin da za ka gani sun bambanta, RIP a x86, pc da lr a ARM, epc a MIPS, amma tambayar ɗaya ce: ina aka tsaya, wa ya aiko mu nan?

Kuma wannan saƙon ne ke raba gardamar da ta fi yawa a yankinmu. Zafin bazara a nan yana haura digiri 40, ga ƙura, ga caja ta jabu, ga wutar janareto mai hawa da sauka a shagon caji. Idan faɗuwar kullum a aiki ɗaya take, layi ɗaya, to rubutu ne ke da laifi. Idan yau a nan gobe a can, babu tsari, fara zargin batir da memori da dalmar da zafi ya sassauta kafin ka zargi kanel. Wannan ba doka ba ce, don kuskuren da ke ɓata memorin wani shi ma yawo yake yi, amma ta nan ake farawa.

Idan na'ura ta mutu tun kafin allo ya kawo fa? Yawancin allunan ARM da MIPS suna da ɗigo uku a jikin fanel: na aikawa, na karɓa, da na ƙasa. Ka jona su da 'yar igiyar USB mai juya siginar siriyal, ka saita gudu, galibi 115200, sai ka ga na'urar da kowa ya ce ta mutu tana zuba bayani layi-layi har inda ta tsaya. Nemo ɗigon nan da mita da kafa musu waya da ƙarfen dalma, yaron da ya koyi gyara a Farm Centre ta Kano ya fi mai digiri iya shi nesa ba kusa ba. Mai digirin kuma shi ya iya karanta abin da ya fito. Har yanzu ba kasafai suke zama a benci ɗaya ba.

Babu ɗaya daga cikin wannan da ke buƙatar sabis. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki, kuma aka shafe watanni a haka. Duk sana'ar da ke rataye da intanet ta tsaya. Amma wanda ya riga ya sauke ma'ajiyar git ta Linux yana da tarihin kowane sauyi tun 2005 a cikin laftof ɗinsa. Kowane sabon kanel da ya fito na ɗauke da sauye-sauye sama da 10,000. Idan na baya yana aiki sabon ba ya yi, git bisect zai raba su biyu, ka gwada, ya sake raba rabin, cikin gwaji kimanin 14 ya nuna maka sauyin da ya jawo ɓarnar da sunan wanda ya rubuta shi. Wuta kawai kake buƙata, da haƙuri.

Cikas na gaske a wani wuri yake. Kanel ɗin da ke cikin waya mai araha ba shi ne na Torvalds kai tsaye ba. Google ya ƙara nasa, mai ƙera furosesa ya ƙara nasa, mai haɗa waya ya ƙara nasa. Lasisin GPL ya wajabta a ba wanda ya karɓi na'ura rubutun kanel ɗin, amma ba kowane kamfani ke sauƙaƙa samunsa ba, kuma gyaran da aka yi a sama yakan daɗe bai sauko ba, wani ma ba ya saukowa sam. Tun Android 12 Google ya fara tilasta kanel na bai ɗaya ga sababbin wayoyi, direbobin kamfani su zauna a gefe, amma tsofaffin da ke hannun mutanenmu suna nan yadda suke. Don haka mai son koyo kada ya fara da wayar gidansu. Ya nemi tsohon akwatin intanet da OpenWrt ke tallafa wa, ko allon Raspberry Pi, inda komai na kanel a buɗe yake. Kuma kafin ya jona igiyar siriyal ya auna ɗigon da mita: akwatunan intanet galibi bolt 3.3 ne, wayoyi da yawa 1.8, igiya mai bolt 5 kuwa tana iya ƙona ƙafar furosesa tun kafin a karanta layin farko.