Hutun Yara: Kwana Biyu A Kadawa

Duk lokacin da aka ce an yi hutun makaranta, sai ki ga hankalin uwa ya tashi, domin ta san gida zai cika da hayaniya, ko kuma ya yi tsit kowane yaro ya duƙufa a kan waya, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. A Turai da Amurka idan lokacin zafinsu ya zo, daga Yuni zuwa Agusta, magidanci kan ɗaura wani ɗan gida mai tayoyi a bayan motarsa, da gado da murhu da banɗaki a ciki, ya kwashi iyalinsa su tafi bakin tafki su yi kwanaki. Mu ba mu da irin wannan gida, amma abin da suke nema a can, wato uba da uwa da 'ya'ya su zauna wuri ɗaya ba mai sauri, ba ya buƙatarsa. Mu a gidanmu a Kadawa muka same shi.

Kadawa tana kan hanyar Zariya idan an wuce Kura, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Kano. Ruwan da ke raya ta daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan aka biyo da shi ta manyan hanyoyin ruwa zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Shi ya sa da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, can sai ki tarar da ƙasa kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa. Da damina kuma shinkafa ce iya ganinki. A dogon hutu na Agusta wuni kawai muke yi mu dawo saboda ruwan sama da sauro. Hutun Disamba shi ne na kwana.

Ƙanen mahaifina ne ke noma a wajen, don haka a-kori-kura muke ɗauka haya mu loda tabarmi da barguna da gidan sauro da tukwane da murhun gawayi da jarkokin ruwan sha. A bayan gidan Baffa, dab da gonarsa, ake kafa mana rumfar zana, a kewaya wani gefe saboda mu mata. Ga shi nan dai, ba kujera ba lantarki.

Zuwanmu na farko, autana yana ɗan shekara bakwai. Da Baffa ya nuna masa fadamar da aka girbe shinkafa, sai yaron ya dube ni ya ce, “Umma, ashe shinkafa ba a buhu ake yin ta ba?” Kowa ya yi dariya ban da Baffa. Cewa ya yi da ni, “'Yata, yaron da bai san wahalar loma ba, ba zai ji ciwon zubar da ita ba.” Washegari da asuba ya tasa su gaba, ya koya musu yadda ake cika bututu da ruwa a toshe bakinsa da tafin hannu, a kifa shi daga magudana zuwa cikin kunya, ruwa ya yi ta bi da kansa. Suka dawo da laka har gwiwa. Da daddare kuma ya ba su labarin 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a yankin har manoma da yawa suka tashi ba uwa ba riba. Tun daga wannan tafiya ban ƙara kwashe ragowar tuwo a kwanon yarana ba.

Amma babbar ribar a wurin mahaifinsu na gan ta. Maigida mutum ne da ke fita kasuwa yara na barci, ya dawo suna gyangyaɗi. Babbar 'yarmu kuwa ta kai shekarun da magana ke yi mata nauyi, daga “sannu da zuwa Abba” ba ƙari. A Kadawa ba shago ba kwastoma. Bayan sallar isha'i aka hura wuta saboda sanyin hunturu, ana gasa dankalin Hausa, sai na ji tana gaya masa wata damuwa da ta daɗe tana ci mata rai a makaranta, wadda ko ni ba ta faɗa mini ba. Shi kuma ya saurara har ta gama. Da a gida ne, wa ya san ranar da zancen zai fito?

Sai dai 'yar'uwa, idan za ki gwada, ki tafi da idonki a buɗe. Ruwan da ke raya Kadawa shi ne kuma haɗarinta. Babbar hanyar ruwan tana da zurfi da gudu, gefenta da santsi, yaro idan ya zame da wuya ya fito da kansa. Ƙananan magudanai kuma, inda ruwa ke kwanciya, akwai dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, cutar nan da ke sa fitsarin jini. Kada ki bari su yi wanka a ciki komai naci, wanda zai shiga gona ki sa masa takalmin roba mai tsawo. In bayan makonni kika ga jini a fitsarin yaro, ki kai shi asibiti, akwai magani. Ki ja musu kunne kan robobin maganin feshi da ake yarwa a gona. Ruwan sha daga gida za ki zo da shi, kuma gidan sauro dole ne ko da hunturu. A kwana kusa da gida cikin mutane, da sanin mai unguwa, ba a tsakiyar daji ba.

Haka nan kada ki zame wa masu masauki kaya. Ki tafi da cefanenki, ki riƙa wa matan gidan tsarabar sabulu da sukari da turmin atamfa in da hali, ki shiga madafi tare da su. Ki gargaɗi yaranki kada su raina 'yan'uwansu na ƙauye, domin zumunci aka je yi, ba kallo ba.

Wadda ba ta da kowa a Kadawa, ai tana da wani ƙauyen, ko na iyayenta ko na mijinta. Ki lallaɓi maigida tun kafin hutu ya ware kwana biyu, ki fara tara na mota daga kuɗin cefane. Yaran nan yau suna gabanmu, gobe sai aure da karatu su raba mu da su. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin.