Inda Manya Ke Koyon Tafiya

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kan titin Zariya, akwai sashen da jama'a ke kira wajen gashi. Tun da safe masu jiran layi sun hallara: masu ciwon baya, waɗanda aka cire wa filasta, da masu shanyewar ɓarin jiki da 'ya'yansu suka turo a keken marasa lafiya.

Abin da ya fara ɗaukar idona a ciki wasu dogayen ƙarafuna ne guda biyu a jere, tsayinsu iya ƙugu. Wani dattijo na tsakaninsu, hannun hagu ya damƙe ƙarfe, na dama ya naɗe a ƙirji. Ƙafar dama ba ta ɗaguwa, sai ya kewayo da ita ta gefe, yatsun na sharar ƙasa. Likitar gashi ta durƙusa ta tallafe masa gwiwa.

"Baba, ɗora nauyinka a kanta. Dunduniya za ka fara saukewa."

Ya yi taku ɗaya, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ɗansa ya zabura zai riƙe shi, ta ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna.

Ciwon ba a ƙafar yake ba. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini, kuma idan ɓangaren hagu ya taɓu, ɓarin dama ne ke shanyewa. Sassan da suka tsira kan koyi aikin da ya ɓace, amma sai an yi ta maimaitawa. Shi ya sa ake bi daki-daki, daga zama a bakin gado zuwa miƙewa, sannan ƙarafunan nan, kafin a kai ga sanda mai ƙafa huɗu da hawa matakala. An fi samun sauƙi a watanni 3 zuwa 6 na farko.

Waɗannan watannin ne kuwa muke ɓarnatarwa. A kwantar da mutum a ɗaki ana ba shi abinci a baki, ko a bazama neman maganin iska, har gaɓoɓi su ƙage. A ganina, tausayi irin wannan cutarwa ce.

Mai majinyaci a gida, ka kai shi gashi da wuri, ka kula da maganin hawan jininsa, atisayen da aka nuna muku kuma a riƙa yin sa kullum.