Yadda Muka Samo Zaman Asabar

Lokacin da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, yayana na cikin dubban ma'aikatan Kaduna da suka koma gida ba aiki. Mutumin da ya saba sammako ya dawo da ƙurar auduga a gemu, zaman banza ya fi ƙarfinsa. Ya fara da burukutu, ya koma ogogoro, daga baya sai 'yan ledojin nan da ake cusawa a aljihu ba wanda ya gani. A gidanmu ba a kiran abin da sunansa. Inna takan ce, "Yayanku ba ya jin daɗi," mu kuma mu sunkuyar da kai.

An yi rubutu, an yi sauka, kawunnai sun taru sun yi masa faɗa, ya rantse ya sake rantsewa. Har an kawo shawarar gidan mari, sai a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Inna ta ce muddin tana numfashi ɗanta ba zai sa mari ba.

Yaya da kansa ya yanke giyar rana ɗaya. Ba a jima ba hannunsa ya kama rawa, kofin shayi ya gagare shi, gumi ya jiƙa masa riga, yana nuna bango yana cewa ƙwari ne ke tafiya. Da ya faɗi yana jijjiga muka kwashe shi sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Likita ya bayyana mana cewa wanda ya shekara yana sha kullum, in ya daina farat ɗaya ba magani, jijjiga da ruɗewa na iya kai shi lahira.

Asibiti ya wanke jiki, amma ranar sallama tsoro na gani a idon Yaya. Unguwar tana nan, abokan shan suna nan. Ya ce mini, "Ƙanena, kowa yi mini wa'azi yake. Na san haramun ce. Wanda ya san yadda ƙishinta ke tashin mutum da tsakar dare nake nema."

Nan na shiga cigiya, kuma cigiya ce mai nauyi, domin kafin ka yi tambaya sai ka tona asirin gidanku. Mai kemis ɗin layinmu ya yi shiru. A intanet yawancin abin da na gani na Legas da Abuja ne. Ƙarshe wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibitin ta rubuta mini lambar waya a bayan katin magani, ta ce, "Ka kira, amma shi zai yi magana, ba kai ba."

Lambar ce ta kai Yaya ga wani zaman masu ƙoƙarin barin giya. Zaman na Asabar ne bayan La'asar, a wani aji da aka ara. Ba allo a ƙofa, sai kujerun roba da aka kewaya da filas ɗin shayi. Ba a shiga da 'yan uwa sai ranar da suka ware don baƙi, kuma a irin wannan rana na ga abin da idona. Ga mutumin Tudun Wada da hularsa, ga na Sabon Tasha da gicciye a wuya, a garin da rikicin shekarar 2000 ya raba mazauna kudu da arewa. Sunan farko kawai ake faɗa. In mutum na magana ba mai katse shi, ba mai ce masa "da ka yi kaza". Ba kuɗin shiga, sai gwangwani da ke zagayawa don shayi. Dokarsu ita ce abin da aka ji a ɗakin, a ɗakin zai tsaya.

Dattijon da ke buɗe zaman ya ce tsarin Alcoholics Anonymous suke bi, wanda Bill Wilson da likita Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, su biyun duk giya ta taɓa cin ƙarfinsu. Matakai 12 ne, na farko shi ne mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa. Ba a sa kowa alkawarin har abada. "Yau kaɗai za ka riƙe," in ji shi, "gobe ma in Allah ya kai mu mu ce yau."

Yaya ya taɓa zamewa. Ya yi makonni yana kunyar komawa, dattijon nan bai fasa kiransa ba. Da ya koma, kujera aka matsa masa, aka ce, "Sannu da zuwa." A kullen korona na 2020 ajin ya rufe, suka koma waya da WhatsApp, zaman bai mutu ba.

Yanzu in wani ya ja ni gefe da irin tambayar da na taɓa yawo da ita, nakan ce ya fara da asibiti, sannan ya tambayi ma'aikatan can ina waɗanda suka daina suke haɗuwa. In ya ji nauyi, sai in ba shi lambar Yaya, da izininsa. Ko ƙarfe nawa ne yana ɗauka.