Sunan Kakana a Littafin Baiko

Mai karatu, in dai kai Bahaushe ne ka san ba a ɗaura aure sai an yi bincike, kuma tambayar farko ita ce, "Ɗan gidan wa ne?" Jinin sarauta ba shi da wahala, maroƙa sun haddace masa kakanninsa. Gidan malamai su ma suna da salsala, wani ma a rubuce da ajami cikin gafaka. To mu jikokin Maguzawa fa? Da yawanmu in an wuce uba aka kai kan kaka, sai magana ta tsaya, a shiga kame-kame. Ba don babu kakannin ba, a'a, faɗarsu aka daina yi.

Ni Musulmi ne, mahaifina ma a cikin Musulunci ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya musulunta yana saurayi, zamanin da Sardauna yake rangadin kira zuwa ga Musulunci, tsakanin 1963 da 1965. Mahaifinsa kuwa Bamaguje ne, manomi a wani ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi, wanda daga baya ya bi Kiristanci a hannun 'yan Baftis. Iyakar abin da aka bar mu da shi ke nan. Duk sanda muka ɗauko zancen sai Baba ya ce, "Ku bar tone-tone," ya ɗauki butarsa ya miƙe. Da 'yata ta fari ta isa aure, dangin yaron suka aiko suna tambayar asalinmu, sai na ga ba zan tura ta gidan miji da rabin amsa ba, ran da aka yi saɓani a goranta mata.

Na fara da Gwaggo, yayar Baba da suke uba ɗaya, wadda aure ya kai ta wajen Hunkuyi a ƙaramar hukumar Kudan. Ta haura tamanin, tana nan da Kiristancinta, kuma har yanzu zanen zumuntar mata shi ne na ƙasan adakarta. Na gaishe ta, na ajiye mata goro da sabulu, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, sai yanzu? Ubanka ya hana ku, ko ku ne ba ku so?" Na ce, "Gwaggo, ai zumunci a ƙafa yake, ga shi na zo." Ta yi dariya, ta ce ita ba ta san shekarun boko ba, amma an ɗora rufin cocin garinsu a ranin da Sarauniya ta zo Kaduna, lokacin ko aure ba a yi mata ba. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a farkon 1956. Kun ga na sami turke.

A ƙasarmu in ka ce kana neman Hausawa Kiristoci na da, kowa Gimi zai nuna maka, ko Wusasa. Suna da hujja. A 1913 waɗansu Isawa, wato almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, suka je wurin Likita Miller a Zariya. Bayan haka aka kafa musu zango a Gimi, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Makarfi, har cutar barci ta yi musu ɓarna suka watse. Mishan ɗin Miller kuma aka fitar da shi daga birnin Zariya zuwa Wusasa a 1929. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Amma waɗannan Angilikan ne. Hanyar Baftis daban take. Wani Ba'amurke, Thomas Bowen, shi ya kawo ta ƙasar Yarabawa a 1850, ta yi jijiya a Ogbomosho, sa'an nan ta hau jirgin ƙasa tare da fatake da ma'aikatan reluwe, bayan dogo ya isa Kano a 1911. Shekaru da yawa cocin Baftis a Arewa cocin Yarabawan Sabon Gari ne. Sai da aka buɗe makarantar fastoci ta Kawo a Kaduna a 1948, ana koyarwa da Hausa, sa'an nan masu bishara suka yawaita a ƙauyuka da keke da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala shi tun 1932.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan bambanci, shi ne yake nuna wa mai nema inda zai dosa. Angilikan da Katolika suna yi wa jarirai baftisma, don haka rajistarsu takan ba ka sunan yaro da na iyayensa da lokacin haihuwa, kuma akwai bishop a sama da ake kai wa rahoto. Baftis ba sa yi wa jariri. Sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa, sa'an nan a nitsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Ke nan ranar da ka gani a rajistarsu ba ranar haihuwa ba ce, mai yiwuwa mutumin yana da jikoki a lokacin. Sa'an nan kowace ikilisiya cin gashin kanta take yi, littattafanta suna hannun sakatare ko ma'aji, in ya mutu su zauna a ɗakin ɗansa tare da takardun gona. Wani abin kuma, ƙaramin cocin ƙauye yakan fara ne a matsayin reshe. Mai bishara ba ya yin baftisma, sai an jira rabaran ya zo daga uwar coci, shi kuma a littafin can zai rubuta. Ga rikicin suna: mutum yana Tanko ko Nomau a gida da wurin mai karɓar haraji, a coci ya koma Bulus ko Yohanna.

Saboda haka uwar cocin na fara nema. Faston da na tarar yaro ne, bai kai ni shekaru ba, ya karɓe ni hannu biyu ya ba ni kujera. Ya ce, "Alhaji, da ka zo kafin 1987 da ka ga abin da kake so." Rikicin watan Maris na shekarar nan, wanda ya tashi a Kafanchan ya bazu har ƙasar Zazzau, shi ya ci tsohuwar rajistar tare da bencina. Ban ce komai ba, shi ma bai ƙara ba. Mu duka mun san abin da aka yi, mun kuma san ba mu biyu muka yi ba. Ya rubuta mini 'yar takarda zuwa ga wani tsohon dikin a ƙauyen kakana.

Na sauka a Tashar Yari, na hau ɗan acaba, muka ratsa gonakin rake, hayaƙin masu mazarƙwaila yana tashi ta ko'ina. Cocin yanzu na bulo ne da kwano. Tsohon na ƙasa yana bayansa, ɗan ƙarami, in mutum talatin suka shiga sai a matsu, yara ake koya wa karatu a ciki. Dikin ɗin ya tsufa tukuf, ido ya tafi, amma kai garau. Da na faɗi sunan kakana na gida sai ya kama hannuna ya ce, "Kai jikan amarya ne ko na uwargida?" Na ce, "Baba, na amarya." Ya ce, "To zauna. Ko da rajistar ba ta ƙone ba, ba za ka same shi ciki ba. Kakanka ba a taɓa yi masa baftisma ba."

Ga yadda ya ba ni labari. Lokacin da mai bishara ya zo, kakana yana da mata biyu. Ya bar tsafi, ya rushe ɗakin bori na gidansa, ya hana dafa giya, ya shiga ajin masu neman baftisma ya iya duk tambayoyin. Da rabaran ya zo aka ce doka ita ce mai mace biyu ba ya zama cikakken ɗan ikilisiya sai ya sallami ta biyun. Uwargida aka kai ta rafi aka yi mata. Shi kuwa ya ce mace da ta haifa masa ɗa, iyayenta sun mutu, ina zai kai ta? Aka ba shi lokaci ya yi tunani. Ya yi tunanin har ƙarshen ransa, a bencin baya. Ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya ɗaga hannu in ana yanke shawara, amma ba ya fashin Lahadi. Dikin ya ce, "Mu samari muna yi masa ba'a, muna ce masa mai gadin ƙofa. Yanzu da na tsufa, ni dai ban ce ya yi daidai ba, amma ban iya cewa ya yi laifi ba."

Matar nan da aka ce a sallama ita ce kakata, ɗan kuma shi ne Baba. Yaro ya tashi yana ganin ubansa a bayan coci saboda uwarsa, yana jin ana kiran ɗakinsu matsala. A ganina ba sai an je wurin mai duba ba kafin a gane abin da ya sa ya kama wata hanyar da ya girma, da abin da ya sa ya ƙi jinin zancen. Ba na zargin dokar mutane, kowane addini da iyakokinsa. Amma wanda ya tsara ta bai zauna a ɗakin amarya ba.

Sai dikin ya sa jikansa ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafan baiko guda huɗu, irin na 'yan makaranta, gara ta ci gefen biyu. Nan ne fa mai neman kakansa a cocin Baftis ya kamata ya sa ido, don shi littafin kuɗi ba ruwansa da wanda aka nitsar da wanda ba a nitsar ba, duk wanda ya bayar sai a rubuta. A shafin ginin coci ga sunan kakana na gida, da azara shida da jinka. A shafukan godiyar kaka ga shi kowace shekara, damin dawa biyu, wata shekarar uku, da kwanon gyaɗa. Na Lahadi kuwa kwabo, sisi, ran da aka sayar da auduga sule guda. Babu shekara a kan yawancin shafukan, amma kuɗin da kansa yana faɗa. Inda ma'aji ya daina rubuta sule ya fara naira, ka san an shiga 1973. Shafi kaɗan bayan nan damin ya koma rabi, shekarar fari ke nan, daga nan sunan ya ɓace. A layin da ya saba zama sai na ga an rubuta "gidan marigayi", da mudu biyu na gero.

Na ɗauki hoton kowane shafi da waya, na buga a Zariya, na mayar wa cocin da kwafi ɗaya cikin leda saboda gara. Dangin yaron na gaya musu kome, tun daga Maguzancin har bencin baya. Kawunsa ya yi shiru, can ya ce ai su ma in aka tona wajen uwa, Maguzawan Rano za a tarar. Aka sa rana.

Kwafi na biyu Gwaggo na kai wa. Ta ce in karanta mata sunan. Na karanta yadda yake a rubuce. Ta ce, "Kai, ba haka ake faɗa ba, wannan rubutun Bayarabe ne, ya cinye rabin sunan." Ta faɗa mini shi daidai, har da kirarin da ake yi masa ranar gayya, ta ce in rubuta a gefe da jan biro.