Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ni mutumin Wudil ne. Nan aka haife ni, nan na yi karatun allo da na elementare, nan kuma na ke aikin akawu. Duk wanda ya san garinmu ya san abu biyu: kasuwar shanu ta ran Juma'a, da kogin nan da ya haɗa ruwan Kano da na Chalawa ya nufi Haɗejiya. Saboda haka kifi ba baƙonmu ba ne. Amma fa a miya muka san shi. Ban taɓa zaton akwai ran da kifi zai hana ni barci ba.

Ga yadda abin ya faru. Ɗan wana ya zauna a gidana yana karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil, wadda ta soma aiki a 2001. Yana da wani akwati na gilashi, tsawonsa kamu ɗaya da rabi, cike da ruwa, da rairayi a ƙasa, da 'yan karfasa shida a ciki. Don kallo ya ke kiwonsu. Ya ce tsohuwar al'ada ce a Turai, har a birnin London an buɗe ɗakin kallon kifi a gidan dabbobi tun 1853. Da ya tashi tafiya hidimar ƙasa sai ya durƙusa ya ce, "Baffa, ga amana na bar maka." Ya ba ni abincinsu, da wani ɗan abu mai ɓari biyu a manne, kamar sabulu kan sabulu, da takarda a naɗe. Na ce, "Tashi ka tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ɗan Wudil za a koya wa kifi?" Na jefa abin da takardar cikin aljihun tebur, na mance.

Kashegari na ɗauke akwatin daga lungun da ya ajiye shi, na kai bakin taga, don baƙi su gani su yaba. 'Yar autata kuwa ta ɗauki aikin ba su abinci, safe da rana da maraice, kowane lokaci cikin tafi. Kafin mako biyu gilashi ya soma yin kore. A mako na uku gansakuka ta rufe shi ruf, sai dai ka ga inuwar kifi tana gilmawa.

To, a nan na yi aikin da na ke kunyar faɗi. Na kwashe kifin na zuba a bokiti, na zubar da ruwan duka, na sa soso da garin sabulu na wanke akwatin tas. Na cika shi da ruwan famfo sabon ɗiba, na mayar da su. Gilashi yana ta walƙiya, ni ina ta murna. Da asuba na fito alwala sai na tarar huɗu sun juya ciki sama. Yarinya ta fashe da kuka. Ni kuwa na tsaya riƙe da buta, ina tunanin abin da zan gaya wa mai amana. Gaskiyar Hausawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da na tashi daga ofis na gangara bakin kogi wurin wani tsohon masunci, abokin marigayi mahaifina, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Ka taɓa ganin gansakuka a tsakiyar kogi inda ruwa ke gudu? Je ka dubi gurbin da kogi ya bari da rani, inda rana ke duka, shanu suna shiga suna kashi. Rana da taki, su ne iyayenta. Karfasa ma cinta ta ke yi, amma wa zai ci gansakuka ga tuwo an tara masa?"

Da dare na kira yaron ta waya na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baffa, ba kome, haka Allah ya so. Amma ba ka ga takardar ba?" Na buɗe aljihun tebur na warware ta. Ashe duk abin da ya kamata in sani yana ciki, da rubutun hannunsa. Ni da a ke biyana albashi don in karanta takardun mutane, ga tawa ta kwana ashirin ban duba ba.

Bari in gaya maka abin da na koya, ya kai mai karatu. Gansakuka tsiro ce mai rai, ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Haske ta ke bukata, da abin da ya narke cikin ruwa na ragowar abinci da kashin kifi. Ni na ba ta hasken, 'yata ta ba ta takin. Sabulu kuwa guba ne ga kifi, domin yana lalata wurin numfashinsu da ke gefen kai. Ruwan famfo ma akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, wanda ba ya cutar da mu amma yana cutar da su. Sai a tara shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin a zuba.

Abin nan mai ɓari biyu kuwa, maganaɗisu ne a cikin kowane ɓari, watau mayen ƙarfe. Ɗaya yana da kaushi kamar soso, shi a ke sawa cikin ruwa. Ɗayan yana da laushi, shi a ke riƙewa daga waje. Suna jan juna ta cikin gilashi, in ka goga na waje, na ciki sai ya bi shi yana sharar gansakuka, hannunka ko jiƙewa bai yi ba, kifi kuma ba su firgita ba. Sai dai a hankali a ke ja. In ka yi garaje na ciki ya saki ya faɗi. Kuma kada ka kai shi kusa da rairayi. Ni na kai, ƙwayar rairayi guda ta maƙale a tsakani, ta ja zane mai tsawon yatsa a gilashin. Akwai kuma waɗansu ɗigo-ɗigo kore masu tauri da sosai ba ya ɗaga su. Waɗannan sabuwar reza a ke kwantarwa a kankare, ban da kusurwa, don kada a yanke gam ɗin da ya riƙe akwatin. In akwatin na roba ne, reza ba ta taɓa shi sam.

Na mayar da akwatin lungunsa. Abinci ya koma ɗan abin da za su cinye nan take. Kowace Asabar na kan goge gilashi, in kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in zuba wanda ya kwana. Aikin ba ya kai ni dafuwar shayi.

Na sani ba kowa ke da akwatin kifi ba, amma kowa yana da randa. Da na leƙa tamu ta tsakar gida, wadda murfinta ya fashe tun bara, na ga kore a cikinta irin na gilashin sak. Uwargida ta wanke ta, muka kai ta inuwa, muka sayi murfi. Kai ma leƙa taka yau. In ka ga kore, ka wanke, amma ka tambayi kanka ta ina rana ke shiga, mene ne kuma ke faɗawa ciki, in ba haka ba mako mai zuwa ka sake wani wankin.

Bayan shekara yaron ya komo. Ya tarar da karfasa biyu, sun yi girman tafin hannu, ruwa garau. Ya shafa zanen nan da yatsa, bai ce kome ba. Ni na ce, "Wannan nawa ne, da huɗun da suka mutu." Takardarsa kuwa na liƙa ta a bango bisa akwatin, kuma tun daga ran nan kowace takarda aka miƙo mini, a ofis ko a gida, sai na karanta ta har ƙarshe kafin in ajiye.