Tsoho da farin bas na Washita

A kudancin jihar Oklahoma, cikin Amurka, akwai wani tsoho wanda ba ya duba kalanda in yana son sanin ko sanyi ya wuce. Wata ƴar bishiya yake dubawa a bayan gidansa. In ta yi fure ja-ja cikin watan Maris ko Afrilu, sai ya kira jikansa, ya ce, "Ɗauko sandunan fatsa, baƙinmu sun taso."

Baƙin nan kifi ne, farin bas, wanda mutanen wurin ke kira bas na rairayi. Ba shi da girma: yawancinsa santimita 25 zuwa 30 ne. Mafi girma da aka rubuta a littafi, wanda aka kama a Bajiniya a 1989, kilo 3 ne da ɗan kai. Jikinsa fari ne kamar azurfa, da baƙaƙen layuka daga kai zuwa wutsiya, idonsa kuwa ruwan zinariya. Tun 1974 jihar ta ɗauke shi ya zama kifinta.

Duk shekara yana zaune a tsakiyar tafkin Texoma, garke-garke, yana farautar ƙananan kifaye. Amma in ruwa ya yi ɗumi, ya kai awo 12 ko ya ɗara, sai garken ya bar tafki ya hau kogin Washita da rafukansa. Maza ke fara isa. Mata su biyo baya, kowace da ƙwai dubu ɗari-ɗari a ciki. Ba su yin sheƙa, ba su tsaron ƴaƴa. A zuba ƙwai cikin ruwa mai gudu, su manne a tsakuwa, bayan kwana 2 ko 3 su ƙyanƙyashe, iyayen kuwa sun kama hanyar komawa. Yawancinsu ba su wuce shekara 4 ko 5 a duniya.

Abin da ya sa masu fatsa ke ƙaunarsa, ba ya da fulako. In ka sami garken, ƙaramar ƙugiya da farin gashin tsuntsu ta isa; ka jefa, ka ja, ka sake jefawa. Ga shi kuma da gardama fiye da girmansa. Yaro ma sai ya cika bokiti kafin rana ta take.

Shi tsohon, tsakaninsa da kifin nan akwai wata magana. An haife shi a Woodville, garin da yau yake ƙarƙashin ruwa. Da aka gama madatsar Denison a kan Jan Kogi a 1944, ruwa ya cinye garin, har da gonar ubansa. Uban bai taɓa jefa ƙugiya a tafkin ba, bai kuma ci kifinsa ba har ya rasu. Ɗan kuwa ya tashi ya tarar tafkin nan shi ke ƙosar da farin bas, farin bas kuma ya ciyar da gidansa a shekarun da aiki ya yi wuya. Da fari ya janye ruwa a 2011, tushen wasu gine-ginen garin suka bayyana. Ya je ya tsaya can rabin yini, ya komo bai ce wa kowa uffan ba.

Yanzu idonsa ya raunana, ba ya iya zura zare a ƙugiya. Jikan ke yi masa. Wata safiya suna bakin kogi, awa 2 babu ko motsi, sai yaron ya ce, "Kaka, mu tafi mana, ba su zo ba."

"Sa hannunka a ruwa. Yaya ka ji?"

"Da sauran sanyi, Kaka."

"To, gaggawa muka yi. Bishiyar ta riga kogin."

Bayan kwana 5 suka komo. Jifa ta uku sandar yaron ta lanƙwashe. Tsohon ya karɓi kifin, ya shafa cikinsa da yatsa, ya ji shi tim da ƙwai, ya mayar da shi ruwa. Maza 12 suka kai gida. Da yamma ya nuna wa yaron yadda ake yanke jan naman da ke bin gefen kifin, don shi ke kawo ƙarni. Wuƙar tana hannun yaron, shi kuma yana riƙe da wuyan hannunsa.